Zauren Da Ba A Ganin Kowa

Da Allah zai ba ni ikon goge abu ɗaya cikin abin da na aikata, zan goge wata amsa ce da na ba wata tsohuwa makauniya a gindin tsamiya a Katagum. Ta tambaye ni abu, na ce ban sani ba, alhali na sani. Na yi laifuffuka da suka fi wannan girma a idon mutane, kun san wasunsu, kun kuma yafe mini. Wannan ba wanda ya taɓa tuhumata da shi. Shi ya sa nake so ku ji shi daga bakina, ku 'ya'yana, tun ina iya riƙe alƙalami.

Lokacin na bar aikin ƙaramar hukuma, inda na yi shekaru ina buga tafireta. Karatuna bai wuce firamare da kwas ɗin akawu ba, amma yatsuna suna da sauri, don haka wata baiwar Allah mai suna Rifkatu, 'yar kudancin Bauchi, ta ba ni tebur a shagonta na intanet a nan Azare, ina buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki. Ku da kuka taso da waya a hannu ba za ku gane yadda abin yake ba. Kwamfuta huɗu ce a shagon, an raba tsakaninsu da katako, janareta yana ta kuka a bayan ɗaki, mutum ya zauna ya jira shafi ya buɗe kamar mai jiran tuwo ya nuna. A shagon nan na shiga abin da muke kira zaure. Wani likita ɗan ƙasarmu da ke aiki a Ingila ne ya buɗe shi domin mutanen ƙasar Katagum na gida da na waje. Adireshin imel ne guda ɗaya, duk wanda ya aika saƙo can sai ya faɗa akwatin kowa da ya yi rajista. Rifkatu ce ta buɗe mini akwatina, ta sa masa wasu haruffa da lambobi da ba za su nuna ko wane ne ni ba. A saman shafin zauren ana rubuta adadin mutanen da ke ciki. Ranar da na shiga mun haura ɗari uku. Masu rubutu kuwa ba su wuce bakwai ba.

Na daɗe ina tunanin me ya sa sauranmu muka yi gum. Na farko dai Turanci ne. Su bakwai ɗin nan likitoci ne da malaman jami'a, in sun fara gardama kan hanya ko kan siyasa, sai ka ji kanka kamar wanda ya shiga ɗaurin aure da rigar gona. Amma akwai abin da ya fi Turanci nauyi. A zauren gaske, in ka shiga kana ganin wanda ke zaune. Ka ga surukinka, ka ga shugabanka na ofis, ka ga wanda kuke 'yar tsama, sai ka auna maganarka daidai da su. A wannan zauren ba ka ganin kowa, kuma kowa yana iya kasancewa a ciki. Ga shi abin da ka faɗa ba ya bin iska. Ni da hannuna na sha buga saƙon wani a takarda, a ɗauka a kai majalisa a ƙofar gidan wani Alhaji, a karanta ana dariya. Magana zarar bunu ce ko a baki, balle a rubuce. Sai kowa ya ga cewa mai karatu a ɓoye ba ya asarar komai: yana jin na kowa, ba a jin nasa.

Ana cikin haka, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, saƙo ya shigo da Hausa. Shi ne na farko da na taɓa gani da Hausa a wurin. Har yau ina iya kawo shi.

"Assalamu alaikum mutanen gida. Ni ne Haruna ɗan Malam Garba mai fito na Katagum. Na san wasunku ba sa son jin sunana. Ina Fatakwal, ina aikin tuƙi. Na aika wasiƙa gida sau biyu ban ji komai ba. Ina so in san ko mahaifiyata Inna Hansai tana raye. In tana raye, wani ya taimaka ya tambaye ta ko ta yarda in zo. In ta ce in zo, zan zo ko jifana za a yi."

Dole in gaya muku ko wane ne Haruna. Tare muka yi firamare, benci ɗaya. Gidansu masu fito ne, su ke haye da mutane kogi da kwalekwale in ruwa ya kawo. Wata damina, shekara ashirin da wani abu kafin wannan saƙon, mahaifinsa yana kwance ba lafiya, shi ya ɗauki gorar tuƙa kwalekwale ranar kasuwa. Kwalekwalen ya kife a tsakiyar ruwa, mutane tara suka rasu. Cikinsu har da Halima, ƙanwar mahaifiyarku. Gari ya ce ganganci ne, yaro ya yi lodi fiye da kima. Kwana uku bayan haka Haruna ya ɓace. Ni kuwa ina tsaye a gaɓar ranar da kekena, ina jiran sawu na biyu. Na ji shi da kunnena yana cewa ya isa, yana roƙon mutane su sauka, suna ta hawa saboda hadari ya taso kowa yana son ya isa gida. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban faɗa ba.

Na karanta saƙon sau uku. Na san Inna Hansai tana raye. Duk wata ina zuwa Katagum duba gidanmu, kuma ba yadda za a yi in shiga unguwarmu ban wuce ta gindin tsamiyar da take zama da faifan daddawarta ba. Layi biyu kawai zan rubuta. Na ɗora yatsuna a kan madannai, sai na tuna kawunku Alhaji Bukar, yayan Halima, wanda na tabbata yana cikin zauren domin shi ya fara ba ni labarinsa. In na amsa, dole in faɗi sunana. Kowa zai ga surukin gidan da aka yi wa rashi ne ya fara miƙa wa Haruna hannu. Na ce a raina, cikin mutum ɗari uku ai akwai 'yan Katagum da yawa da ba su da irin nauyina. Wani zai amsa kafin gobe.

Gobe ta yi. Su bakwai ɗin suka ci gaba da gardamarsu kan kwalta, suka kewaye saƙon Haruna kamar ruwa ya kewaye dutse.

A gida na gwada taɓo maganar. Mahaifiyarku tana kwasar tuwo na ce, "Hajiya, kin tuna Haruna na gidan masu fito?"

Ta ajiye mara ta dube ni. Ta ce, "Malam, kada ka kawo mini sunan nan ana shirin cin abinci."

Na ɗauki wannan a matsayin hukunci, domin hukuncin da nake nema ke nan.

Juma'a ta zagayo, ya sake rubutowa. Ta bayanta ma haka. Ya mai da shi al'ada, duk Juma'a bayan salla. Da farko tambayar yake maimaitawa. Daga baya sai ya koma ba da labari, kamar mai hira da mutanen da ya tabbata suna saurare. Ya ce ya yi aure, yana da 'ya mace ya sa mata Hansatu. Ya ce har yau bai taɓa shiga ruwa ya wuce gwiwa ba. Sannan ya fara wani abu da ya riƙa tayar mini da tsigar jiki, wato lissafa mu.

"Makon jiya kuna ɗari uku da arba'in, yau kun ƙaru da biyu. Barka da zuwa ga baƙi. Ina ganin adadinku. Na san kuna nan. Wanda zai je Katagum ya gaishe mini da Inna."

Tun daga nan shagon ya canza mini. In na tashi zan wuce ta bayan masu amfani da kwamfuta, sai in ga mutum ya yi sauri ya rufe shafi. Babban mutum da furfura, ka ce an kama shi yana leƙen katanga. A sahu ranar Juma'a sai in dubi na damana in dubi na haguna, in ce ko wannan ma yanzu zai je ya buɗe. Ba wanda ya taɓa ambaton sunan Haruna a majalisa, mu da muke kwashe duk abin da aka rubuta a zauren mu tattauna. Saƙonsa ne kaɗai ba a taɓa cewa in buga a takarda ba.

Rifkatu ce kawai ta yi magana, domin ita ke buɗe mini akwati in ya ƙi buɗuwa.

Ta ce, "Baba Sule, mutumin nan naku ya sake rubutowa. Ku da in an fara gaisuwa sai an tambayi har akuyar gida, a nan kuma kun zama kurame?"

Na ce, "Rifkatu, akwai tsohuwar magana a ciki."

Ta ce, "To ba ni sunan unguwar, ni in shiga mota in je in tambayi tsohuwar. Ni ai ba ni da suruki a Katagum."

Na yi dariya, na ce ta bari, ana nan ana shawara. Ba wata shawara da ake yi.

A wata na huɗu na je Katagum. Da hantsi ne, Inna Hansai tana gindin tsamiya, idanun nan sun yi fari fat. Da muryata ta gane ni tun kafin in durƙusa. Muka gaisa, ta tambayi Hajiya da yara ɗaya bayan ɗaya. Na yunƙura zan tashi sai ta kama bakin rigata.

Ta ce, "Sule, an ce yanzu kana zama gaban wani akwati da ake jin maganar mutanen duniya a ciki."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Ta ce, "To ba ka taɓa jin ɗuriyar abokinka a ciki ba? Ko mutuwarsa ce a gaya mini, in daina ajiye masa tabarma."

Saƙonsa na jiya yana kaina, har da sunan jikar da aka sa mata. Amma akwai mata biyu tsaye suna sayen daddawa, ɗaya daga cikinsu 'yar gidan da suka rasa mutum biyu a kwalekwalen ce. Na ji bakina yana cewa, "Inna, ba a jin irin wannan a ciki. Allah dai ya bayyana shi."

Ta ce, "Amin." Ta saki rigata, ta lalubo daddawa uku ta ƙulle a leda ta ce in kai wa Hajiya.

A mota na yi wa kaina alkawari cewa zuwa na gaba zan same ta ita kaɗai a cikin gida. Kafin zuwa na gaba ta rasu. Zazzaɓin kwana biyu.

Na je sadakar uku. An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan, mun kai mu talatin, yawanci waɗanda suka zo daga Azare da Bauchi, ma'aikata da malaman makaranta, har da Alhaji Bukar. An yi addu'a an shafa, aka yi shiru irin na zaman makoki. Sai wani tsohon hedimasta, mutumin kirki, ya yi ajiyar zuciya ya ce, kamar da kansa yake magana:

"Allah sarki. Ga shi ko Juma'ar nan sai da ya ce a gaishe ta."

Na jira wani ya ce, "Wa ke nan?" Ba wanda ya tambaya. Na ɗaga kai na bi fuskokin da kallo, kowa ya sunkuyar da kai, wani yana jan carbi, wani yana tsintar zaren tabarma. Mutum talatin, ba ko ɗaya da ya nemi a yi masa bayani. A nan na ga zauren da idona. Ashe su ne. Wata biyar muna zaune tare a ɗaki ɗaya mai duhu, kafaɗa da kafaɗa, kowa yana riƙe numfashi kada na kusa ya ji shi. Rana tsaka ce, ana zafi, amma sanyi na ji har cikin ƙashina.

Alhaji Bukar ya ɗauko ni a motarsa. Da muka yi nisa sai ya ce, idonsa a kan hanya:

"Malam Sule, kai ma kana ciki?"

Na ce, "Ina ciki, Alhaji."

Ya ce, "Ni fa jira nake wani ya amsa masa in bi baya. In na fara, sai a ce na sayar da jinin ƙanwata. Halima kwananta ne ya ƙare. Kai da kake abokinsa, me ya hana ka?"

Na ce, "Kai."

A haka muka shigo Azare. Da na gaya wa mahaifiyarku komai a ranar, ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ni cewa na yi kada ka kawo sunan ana cin abinci. Ban ce ka raba uwa da ɗanta ba."

Za ku ɗauka a nan abin ya ƙare. Juma'a ta zo, saƙo ya shigo.

"Assalamu alaikum mutanen gida. Yau kuna ɗari uku da hamsin da ɗaya. Wanda zai je Katagum ya gaishe mini da Inna."

Yanzu shirun ya fi na da wuyar fasawa. Duk wanda ya ce masa ta rasu, ya shaida wa duniya cewa yana karantawa tun tana raye. Haka muka zauna, mutum yana aika gaisuwa ga wadda muka binne da hannunmu, mako bayan mako. Su bakwai ɗin ma suka fara ja da baya. Gardamar kwalta ta mutu, ta siyasa ta mutu, har ya zama in ka buɗe zauren ba abin da za ka gani sai sunan Haruna a jere, Juma'a bayan Juma'a. Adadin kuwa bai ragu ba ko da mutum ɗaya. Ba wanda ya fita. Duk muna zuwa mu duba.

Sai da aka yi Juma'a goma sha ɗaya na kasa jurewa. Ko a nan ma ban yi ta maza ba: adireshinsa na kwafa na rubuta masa shi kaɗai. Na faɗi sunana, na ce Inna ta rasu, na ce ta ajiye masa tabarma har ƙarshe, na faɗi abin da ta tambaye ni da abin da na amsa. Bayan kwana biyu ya ba ni amsa.

"Sule, na gane ka. Na san Inna ta rasu tun kwana tara da rasuwarta, wani direban motar shanu ya gaya mini a tasha. Da na san tana ajiye mini tabarma da na zo da ƙafa. Kai ka san abin da malaminmu ya koya mana: in mutum ya yi sallama ga jama'a, ɗaya ya amsa, ya ɗauke wa saura. In ba wanda ya amsa, nauyin yana kan kowa. Shi ya sa ban daina ba, ina jiran mutum ɗaya ya sauke muku. A gaban jama'a na yi sallama. Ba a bayan ɗaki ake amsa ta ba."

Na kira Rifkatu ta tsaya a kaina don kada in sake ja da baya. Na rubuta a zaure, inda kowa zai gani: "Wa alaikumus salam, Haruna. Ni ne Sule. Ina gaɓa ranar da kwalekwale ya kife, na ji kana roƙon mutane su sauka. Allah ya jiƙan Inna." Ita ta danna, saƙon ya tafi.

Na zauna har la'asar ina sabunta shafin. Na dawo washegari, na dawo jibi. Na yi tsammanin hedimasta zai ce amin, ko Alhaji Bukar ya bi baya kamar yadda ya faɗa. Ba wanda ya ce komai. A kasuwa mutane suka riƙa gaishe ni da wata irin girmamawa, suna riƙe hannuna fiye da yadda aka saba, ba sa kallon idona. Juma'a ta zo, Haruna bai rubuto ba, bai kuma sake rubutowa ba har abada. Na aika masa saƙo ya fi goma. Ban san ko yana raye ba, ban san inda Hansatu take ba. Saƙona ne na ƙarshe a zauren. Shekara biyu ina zuwa ina dubawa, yana nan a sama shi kaɗai, mutum ɗari uku da hamsin da ɗaya suna kallonsa, har ranar da Rifkatu ta rufe shago ta koma garinsu.

Yanzu ina ganinku da wayoyinku, kowannenku yana cikin zaure goma, na dangi da na 'yan makaranta da na unguwa, kuna karantawa kuna wucewa. Ban ce ku zama masu surutu ba, yawancin abin da ake faɗa a can bai cancanci amsa ba. Amma wata rana wani zai tambayi abin da ku kuka san amsarsa, kuma zuciya za ta ce muku jama'a da yawa, wani zai faɗa. Ku sani kowa abin da zuciyarsa ke gaya masa ke nan a daidai lokacin. Ina roƙonku don Allah, kada ku yi abin da ubanku ya yi. Ku amsa a ranar, da sunanku, tun wadda ake tambaya tana da rai.